Yadda Ake Awon Ciki a Asibiti, Tun Daga Yankar Kati Har Zuwa Watan Haihuwa

Mata da yawa a nan Gombe sun ɗauki awon ciki a matsayin hanyar mallakar kati kawai, domin kada ranar naƙuda a tsare su da tambayar inda suka yi awo. Shi ya sa mace za ta bari sai ciki ya kai wata bakwai ta zo sau ɗaya, a auna ta, ta karɓi magani, daga nan ba za a sake ganin ta ba sai haihuwa ta zo da gardama. A matsayina na wadda ta daɗe tana aikin ungozoma, abin da nake so mai cikin fari ta fara fahimta shi ne amfanin awo yana cikin maimaita shi. Lambar hawan jini ko ta yawan jini da aka rubuta miki yau ba ta gaya mana komai sosai sai mun gwama ta da wadda aka rubuta a zuwan da ya gabata.

A da ana cewa zuwa huɗu ya wadatar, amma a shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shi takwas: na farko kafin ciki ya wuce mako 12, sannan a mako na 20, 26, 30, 34, 36, 38 da 40. Za ki lura cewa zuwan yana ƙara kusantar juna a ƙarshe, domin a lokacin ne hawan jini da matsalar kwanciyar jariri suka fi bayyana.

Abubuwan da za ki tanada kafin ki fita

Abu mafi daraja da za ki zo da shi ba a jaka ake sa shi ba, shi ne ranar da kika fara ganin jinin al'adarki na ƙarshe. Ranar farawa ake so, ba ranar da kika yi wanka ba. Idan da watan Musulunci kike lissafi, kamar ki ce kwana biyar bayan ƙaramar Sallah, faɗi hakan, za a duba kalanda a mayar da shi.

Sai ki haɗa duk wata takardar asibiti da kike da ita: tsohon katin awo, katin rigakafi, takardar rukunin jini, sakamakon hoton ciki, da takardar sallama idan an taɓa yi miki aiki. Ki zuba a leda duk magungunan da kike sha, har da na gargajiya da na Islamiyya, ki zo da su a gani da ido, domin sunan da za ki faɗa da baki ba lallai ya yi daidai da abin da ke cikin kwalbar ba. Idan kina da katin GoHealth, wato inshorar lafiya ta jihar Gombe, ko na inshorar lafiya ta ma'aikatan tarayya, ki riƙe shi, tare da kuɗin gwaje-gwaje da na mota.

Wajen sutura, riga da zani sun fi doguwar riga sauƙi, saboda za a buƙaci damtsenki da cikinki. Ki karya kumallo sosai kafin ki fito, ki riƙo ruwan sha, domin ranar awo ranar zama ce, kuma akwai maganin da za a ba ki ki haɗiye nan take wanda ba ya daɗi a kan yunwa. Idan maigida zai samu rakiya a zuwan farko, ya fi, saboda akwai gwajin da ya shafe shi.

Mataki na 1: zaɓen wurin awo

Macen da ba ta da wata matsala, cibiyar lafiya matakin farko ta unguwarsu ta ishe ta, kuma kusancin ma wani alheri ne, domin wadda ke Pantami ko Bolari ta fi iya cika zuwa takwas idan tafiyar ba ta cin kuɗin mota mai yawa. Amma akwai waɗanda tun farko ya kamata su nufi babban asibiti, irin na Kumo, Bajoga, Kaltungo ko Dukku, ko Asibitin Ƙwararru na jiha, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke cikin Gombe. Su ne wadda aka taɓa yi wa tiyatar haihuwa, da wadda ta taɓa jijjiga ko zubar da jini mai yawa, da wadda ta taɓa haihuwar ɗa ba rai, da mai sikila, ciwon suga ko hawan jini, da wadda aka yi wa gyaran yoyon fitsari, da mai tagwaye. Yarinyar da ba ta kai shekara 18 ba, da macen da ta haura 35, da wadda ta haihu sau biyar ko fiye, su ma ana sa musu ido na musamman. Idan cibiyar unguwa ta ba ki takardar turawa gaba, kada ki ɗauka an kore ki ne, kuma kada ki ninke takardar ki ajiye a ƙarƙashin katifa.

Kowace cibiya tana da ranar da take karɓar sabbin masu awo, dabam da ranar masu dawowa. A aika a tambayo kafin ki yi asarar zuwa.

Mataki na 2: yankar kati da amsa tambayoyi

Bayan an rubuta sunanki an ba ki lamba, yawanci za a zaunar da ku a yi muku bayani kan abinci, tsafta da alamomin haɗari. Daga nan sai ki shiga wurin malamar da za ta yi miki tambayoyi: ciki na nawa ne wannan, nawa kika haifa, nawa ke raye, ko kin taɓa ɓari, a ina kika haihu, naƙudar ta daɗe ko ba ta daɗe ba, ko an taɓa ƙara miki jini, ko akwai tagwaye ko hawan jini a danginku.

A nan ne kunya take yi mana ɓarna. Mace za ta ɓoye ɓarin da ta yi, ko ta ƙi ƙirga ɗan farinta saboda alkunya, ko ta ƙi ambaton cikin da ta yi a gidan mijinta na farko saboda dangin miji na tsaye a kanta. Ki nemi mai rakiyar ta ɗan jira a waje, hakkinki ne, sannan ki faɗi komai. Idan Hausa ba ta zauna miki sosai ba, kin fi sakewa da Fulatanci, Tangale, Tera ko Waja, ki faɗa a nemo wadda za ta yi tafinta, ya fi ki riƙa gyaɗa kai a kan abin da ba ki gane ba.

Da ranar al'adar nan za a lissafa lokacin haihuwa. Ana ƙara kwana bakwai a kan ranar, sannan a ƙara wata tara na Bature. Wadda ta fara al'adarta ta ƙarshe ranar 10 ga Janairu, za a rubuta mata 17 ga Oktoba. Wannan kwana 280 ke nan, wato mako 40, wanda a lissafin watan sama ya kai kusan wata tara da rabi, kuma shi ya sa tsofaffi suke cewa ciki ya shiga na goma alhali bai wuce lokacinsa ba. Ranar kintace ce, haihuwa daga mako 37 zuwa ƙarshen mako na 41 a kan lokaci take. Idan kin manta ranar, ko kin samu cikin kina shayarwa ba ki ga al'ada ba, hoton ciki da aka yi da wuri shi ne zai maye gurbin lissafin.

Mataki na 3: sikeli da awon jini

Za ki hau sikeli, a auna tsayinki sau ɗaya, sannan a ɗaura miki abin awon jini a damtse. Kada ki yarda a auna ki kina haki daga saukowa Keke Napep. Ki zauna kamar minti biyar, ki fito da hannun daga cikin hijabi da rigar, ki jingina bayanki, ki yi shiru har a gama. Lambobi biyu za a rubuta, ta sama da ta ƙasa. Idan ta sama ta kai 140, ko ta ƙasa ta kai 90, jini ya hau, kuma za a sake aunawa bayan kin huta.

Ki tambayi lambar da bakinki a kowane zuwa, ki ga an rubuta ta a katin. Hawan jinin ciki yakan fara bayan mako na 20, sau da yawa ba tare da mace ta ji komai ba, kuma idan aka bar shi, shi ne yake kaiwa ga jijjiga, wadda a gida ake danganta ta da iska a tsaya neman hayaƙi. Wadda aka kama nata da wuri, ana sa ta a kan magani, a matso da ranakun zuwanta, a tsara lokacin da za ta haihu.

Mataki na 4: ɗakin gwaji

Za a ba ki ƙaramar roba ki kawo fitsari. Ki bar na farkon ya zuba, ki tari na tsakiya. Ana duba sinadarin furotin, wanda idan ya haɗu da hawan jini alama ce ta haɗari, da suga, da kuma alamar ƙwayoyin cuta a mafitsara, waɗanda kan iya tayar da naƙuda kafin lokaci ko da ba kya jin zafin fitsari.

Jinin da za a ɗiba bai wuce cikin ƙaramin sirinji ba, ba zai rage miki komai ba. Da shi ake duba yawan jininki, kuma idan ma'aunin himogulobin ya gaza 11 akwai ƙarancin jini, idan ya gaza 7 kuwa abin ya yi tsanani. Ana duba rukunin jini, da zazzaɓin cizon sauro, da cutar ƙanjamau, da ciwon hanta nau'in B, da tunjere. Waɗannan ukun na ƙarshe mata suna tsoron su, amma dalilin gwajin shi ne dukkansu akwai abin da ake yi don kada su kai ga jariri: mai ƙanjamau ana ɗora ta a kan magani nan take, mai tunjere allurar fenisilin ce maganinta ita da mijinta, ɗan mai ciwon hanta kuma ana yi masa rigakafi cikin awa 24 da haihuwa. Sakamakon sirrinki ne.

Abubuwa biyu ne suka sa na ce maigida ya zo. Na farko, idan aka ga rukunin jininki mai alamar negatif ne, nasa kuma fozitif, jikinki zai iya yaƙar jinin jaririn da za ki ɗauka nan gaba. Maganin abin allura ce da ake kira anti-D, ana yin ta wajen mako na 28 da kuma cikin awa 72 bayan haihuwa ko ɓari. Tana da tsada, gara a sani da wuri a fara tara kuɗinta. Na biyu shi ne gwajin sikila: idan ke AS ce shi ma AS, wato kun gaji sikila ta ɓangare ɗaya amma ba ku da ciwon, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato ciwon sikila, sai a shirya gwada jaririn da wuri.

Idan kuɗi bai kai a yi duka rana ɗaya ba, kada ki koma gida ki ƙi dawowa. Ki gaya wa malamar gaskiya, ta fara da yawan jini, fitsari, rukunin jini da gwajin ƙanjamau, wanda galibi kyauta ne a asibitin gwamnati, sauran a cika su a zuwa na gaba.

Mataki na 5: hawa gado

Ki fara zagayawa ki yi fitsari kafin ki hau, domin cikakkiyar mafitsara tana ɓata awon kuma tana sa ki jin zafi. Za a ja fatar idonki ta ƙasa a ga ko ta yi fari, a duba tafin hannu, a danna ƙafa a ga ko yatsa ya lotsa, a duba nono. Sannan a sa tef daga ƙashin mara zuwa inda mahaifa ta tsaya a sama. Daga wajen mako na 24, tsawon a santimita yakan yi kusa da yawan makonnin cikin, da bambancin biyu sama ko ƙasa. Idan ya zarce sosai, ana tunanin tagwaye, yawan ruwa ko kuskuren lissafi. Idan ya gaza, ana tunanin jaririn ba ya girma yadda ya kamata.

Bayan haka malamar za ta lalluba da tafin hannu biyu ta gano inda kai yake da inda baya yake, ta kafa abin sauraro mai kama da mazurari ta sa kunnenta, ko ta sa ƙaramar na'urar da za ki ji bugun da kanki. Zuciyar jariri tana bugawa sau 110 zuwa 160 a minti ɗaya, saboda haka kada saurin ya firgita ki. Idan kika ji jiri kina kwance rigingine, ki faɗa a juya ki ɓangaren hagu, nauyin mahaifa ne ya danne babbar jijiya.

Masu cikin fari da yawa suna gudun awo don sun ji an ce ana sa hannu a gaba. Ba a yin haka a awo na yau da kullum sai da dalili, kamar fitar ruwa mai wari ko zaton naƙuda. Idan kuma namiji ne a bakin aiki, kina iya neman mace, ko a ƙalla wata ma'aikaciya ta tsaya a wurin.

Mataki na 6: hoton ciki

Ana so a yi sikanin aƙalla sau ɗaya kafin mako na 24. Shi ke tabbatar da kwanakin ciki, da yawan jarirai, da inda mabiyiya ta kwanta, domin idan ta tare bakin mahaifa ba za a bar mace ta yi naƙuda a gida ko a ƙaramar cibiya ba. A ƙaramin ciki za a ce ki sha ruwa ki riƙe fitsari. Idan cibiyarku ba ta da na'urar, za a rubuta miki inda za ki je. Kuskuren da ya yi yawa yanzu shi ne mace ta riƙa zuwa shagon sikanin duk wata don a gaya mata namiji ne ko mace, ta ɗauka ta yi awo ke nan. Na'urar ba ta auna hawan jini, ba ta ganin ƙarancin jini, kuma takardar ba ta da amfani sai an kawo ta wurin mai duba ki.

Mataki na 7: magunguna da allura

Za a ba ki maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe da folik asid, ana sha kullum har bayan haihuwa. Yakan sa bayan gida ya yi baƙi, wannan ba komai ba ne. Idan yana tayar miki da zuciya, ki mayar da shi bayan abincin dare. Kada ki kora shi da shayi, domin shayi yana hana jiki tsotsar ƙarfen. Lemon zaƙi ko gwaiba sun fi taimaka masa. Maganar da ake yaɗawa cewa yana sa jariri ya yi ƙato har haihuwa ta gagara ba ta da tushe. Macen da ta shiga naƙuda da ƙarancin jini, jinin da wata za ta zubar ta tashi lafiya, ita shi zai kwantar da ita. Ki haɗa da zogale, alayyafo, wake, ƙwai, kifi da nama gwargwadon hali.

Daga mako na 13 ake fara ba da Fansidar don kariya daga zazzaɓin cizon sauro, ƙwaya uku a haɗiye a gaban malamar, a maimaita bayan kowane wata, aƙalla sau uku kafin haihuwa. Wadda maganin salfa ke yi wa ƙaiƙayi ko ƙuraje, da wadda take shan Septrin kullum, su faɗa, ba a ba su. Kariya ce ba magani ba, don haka idan zazzaɓi ya kama ki sai an gwada an ba ki na warkarwa. Gidan sauro mai magani kuma a kwana a cikinsa, ba a killace gadon tumatir da shi ba.

Allurar tetanus, wato cutar sarƙe haƙora da ke kashe jarirai ta cibiya, ana yin ta farko a zuwan farko, ta biyu bayan mako huɗu, kuma a gama ta aƙalla mako biyu kafin haihuwa. Guda biyar ne cikakken adadin a tsawon shekaru, shi ya sa tsohon kati yake da amfani. Ana kuma ba da maganin tsutsar ciki bayan wata uku na farko. Idan aka ce wani magani ya ƙare, a rubuta miki sunansa ki saya a kantin magani mai rajista. Jiƙe-jiƙen maganin zaƙi da ake ɗura wa mace a watan ƙarshe kuwa, shawarata a bar su, domin babu wanda ya san ƙarfin abin da ke ciki, kuma wasu suna murɗa mahaifa tun bakinta bai buɗe ba. Idan azumi ya riske ki da ciki, ki tambayi mai duba ki kafin ki ɗauka, musamman in kina da ƙarancin jini ko suga; addini ya yi rangwame.

Mataki na 8: zuwan da ke biyo baya

Sauran zuwan gajeru ne: sikeli, awon jini, fitsari, tef, bugun zuciya, magani. Ana sake gwada yawan jini wajen mako na 28 da na 36, ana gwajin suga tsakanin mako na 24 da 28 ga wadda ake zargi, kuma a mako na 36 ake tabbatar da kwanciyar jariri, ko kai ne a ƙasa, ko yana zaune, ko ya gicciye. Kafin ki bar asibiti kowane lokaci, ki duba an rubuta ranar dawowa. Ki ɗauki hoton katin a waya saboda ɓata. Idan za ki tafi goyon ciki gidan iyaye, a Deba ne ko Nafada ko Azare, ki tafi da katin, ki kai shi asibitin can a makon da kika isa, kada ki jira naƙuda.

A waɗannan zuwan ne za a ba ki jerin kayan haihuwa, a kuma tambaye ki inda za ki haihu. Ku zauna da maigida ku yanke: wace mota ce za ta ɗauke ki idan abin ya zo da tsakar dare, lambar direba na wurin wa, wa zai ba da jini idan an buƙata, kuma wa ke da izinin fita da ke idan shi yana kasuwa ko ya yi tafiya. Wannan izinin a bayar da shi tun yanzu a gaban uwar miji.

Abin da ba ya jiran ranar awo

Zubar jini ko kaɗan ne, ciwon kai mai tsanani da ba ya jin magani, ganin dishi-dishi ko walƙiya, kumburin fuska da hannuwa, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, zazzaɓi mai zafi, numfashi sama-sama, fashewar faya ba tare da naƙuda ba, jijjiga, ko jariri ya rage motsin da kika saba ji: kowanne daga cikinsu a tafi asibiti a ranar, ko dare ne, a nufi ɗakin haihuwa kai tsaye ba layin awo ba. Mai zubar jini kada ta bari kowa ya sa mata hannu a gida. Idan kuma ranar da aka rubuta ta wuce ba naƙuda, ki koma a cikin makon nan a duba ki, domin idan ciki ya kai mako 41 likita yakan yanke shawarar tayar da naƙuda a asibiti maimakon a ci gaba da jira.